Ƙananan Sinadarai da Sarrafa Aikin Furotin a Cikin Ƙwayar Halitta

Furotin ne ke yin kusan duk aikin da ke gudana a cikin ƙwayar halitta. Wani yana narkar da abinci, wani yana ɗaukar iskar oksijin a jini, wani yana kai saƙo daga tantanin da ya lulluɓe ƙwayar zuwa cibiyarta, wani kuma yana kwafar DNA kafin ƙwayar ta rabu biyu. Jikin ɗan'adam yana da ƙwayoyin gado kimanin 20,000 masu ɗauke da bayanin yadda ake ƙera furotin, kuma ƙwayar halitta guda tana ƙunshe da dubban ire-irensa a lokaci ɗaya, a cunkushe. Kowane furotin dogon zare ne da aka jera da amino asid iri 20, wanda ya nannaɗe ya ɗauki wata siffa mai lunguna da ramuka. Da wannan siffa yake aiki, don haka duk abin da ya sauya siffar ko ya toshe wani lungu nata ya taɓa aikin.

Ƙaramin sinadari, a bakin masana ilimin haɗa magunguna, shi ne wanda nauyinsa bai wuce 'yan ɗaruruwan dalton ba, wato ma'aunin da ake auna nauyin sinadarai da shi. Asfirin dalton 180 ne, alhali furotin na himogulobin da ke cikin jini ya haura 64,000. Ƙanƙantar ita ce ke ba shi damar ratsa tantanin ƙwayar halitta ya shiga ciki, ita ce kuma ta sa ake iya haɗiyarsa a ƙwayar magani maimakon allura. A shekarar 1997 Christopher Lipinski na kamfanin Pfizer ya lura cewa yawancin magungunan da hanji ke iya tsotsa ba sa wuce dalton 500, kuma har yau masu ƙera magani suna waiwayar wannan iyaka ko da sun yi niyyar tsallake ta.

Mai bincike da ke son sanin amfanin wani furotin yana da hanya biyu. Yana iya goge ƙwayar gadon da ke ƙera shi, abin da fasahar CRISPR ta sauƙaƙa tun daga 2012, ko kuma ya bar gadon yadda yake ya zuba sinadarin da zai tsayar da furotin ɗin. Hanya ta farko ba ta cika kuskuren wanda za ta taɓa ba, amma tana da nawa. Kafin furotin da aka riga aka ƙera ya ƙare ana iya ɗaukar kwanaki, a cikinsu kuwa ƙwayar halitta takan samo wata dabarar cike gurbin, sai mai binciken ya ga kamar furotin ɗin ba shi da wani amfani. Idan kuma furotin ne da rayuwa ba ta yiwuwa sai da shi, gogewar kisa ce kawai, gawa kuwa ba ta ba da labari. Sinadari yana aiki cikin mintoci, ana iya ƙara shi ko a rage, ana iya wanke shi a ga ko ƙwayar za ta farfaɗo. Illarsa ɗaya ce, amma babba: da zarar ya shiga, yana cin karo da dubban furotin, kuma babu abin da ke hana shi manne wa wanda ba a aike shi gare shi ba. Tarihin wannan fanni gaba ɗaya tarihin kokawa ne da matsalar zaɓe.

Tunanin ya faro a Jamus. A 1894 Emil Fischer ya kwatanta enzayim da abin da yake sarrafawa da kwaɗo da mabuɗinsa, Paul Ehrlich kuma ya ɗora a kai da fatan samun sinadarin da zai nufi ƙwayar cuta kaɗai ya bar jikin majinyaci. Maganinsa na ciwon tunjere, Salvarsan, ya shiga kasuwa a 1910. A 1958 Daniel Koshland ya gyara tunanin Fischer da cewa furotin ba a sandare yake ba, yana motsi, yana sauya siffa idan wani abu ya shige shi. Wannan gyara, kamar yadda za a gani, shi ne ya buɗe ƙofar mafi yawan nasarorin da aka samu daga baya.

Na tsawon lokaci magani ne ke riga ilimi. Kamfanin Bayer ya haɗa asfirin a 1897, amma sai a 1971 John Vane ya nuna cewa yana hana jiki ƙera sinadaran da ke jawo zafi da kumburi. Daga baya aka gane cewa yana liƙa wani ɗan ɓangarensa a jikin enzayim mai suna COX, liƙi na dindindin. Ƙwayoyin da ke daskarar da jini ba su da cibiya, ba sa iya ƙera sabon enzayim, shi ya sa ƙaramin asfirin ke tsinka jini har tsawon rayuwarsu ta kwana 7 zuwa 10. Haka ma colchicine, tsohon maganin ciwon gaɓoɓi: a 1967 Gary Borisy da Edwin Taylor suka bi sawunsa a cikin ƙwayar halitta don ganin inda yake maƙalewa, suka iske furotin da aka sa wa suna tubulin, wanda da shi ƙwaya ke raba kuromosom ɗinta. Nan aka ga cewa sinadari kayan bincike ne, ba magani kaɗai ba.

Babu inda matsalar zaɓe ta fi fitowa fili kamar a dangin enzayim da ake kira kinas. Aikinsu shi ne ɗauko fosfet daga sinadarin ATP su ɗora a kan wani furotin, ta haka su kunna shi ko su kashe shi. Ɗan'adam yana da su sama da 500, kuma dukkansu suna da ramin da ATP ke zama, ramukan kuwa sun yi kama da juna ƙwarai. Staurosporine, wanda aka samo daga wata bakteriyar ƙasa a Japan a 1977, yana toshe wannan rami da ƙarfin gaske, sai dai yana toshe na mafi yawan kinas ɗin a tare, don haka guba ne. Masana da dama sun ɗauka a lokacin cewa ba za a taɓa samun sinadarin da zai ware kinas ɗaya ba.

Imatinib ne ya rushe wannan zato. Akwai wata sankarar jini mai tafiya a hankali wadda aka gano alamarta tun 1960 a birnin Filadelfiya na Amurka: wani kuromosom da ya gajarce. A 1973 Janet Rowley ta nuna cewa kuromosom na 9 da na 22 ne suka yi musanyar gutsure, kuma haɗuwar tana haifar da wani kinas mai suna BCR-ABL wanda kullum a kunne yake, yana umartar ƙwayoyin jini su yi ta rabuwa. Nicholas Lydon da abokan aikinsa a kamfanin Ciba-Geigy suka haɗa sinadarin, likita Brian Druker ya gwada shi a kan marasa lafiya, hukumar kula da magunguna ta Amurka ta amince da shi a 2001. Sirrin zaɓensa yana cikin abin da Koshland ya faɗa. Kinas duka suna kama da juna lokacin da suke a kunne, amma kowanne yana da irin tasa naɗewar idan yana a kashe. Imatinib yana kama BCR-ABL ne a siffarsa ta kashe, ya riƙe shi a haka. Duk da haka bai zama mai zaɓe ɗari bisa ɗari ba, domin yana kama wasu kinas biyu, KIT da PDGFR. Abin ya zo da sa'a, tunda KIT ne ke haddasa wata sankarar ciki da hanji, sai magani ɗaya ya yi aiki biyu.

Sankara kuwa ba ta zauna ba. A jikin wasu majinyata amino asid guda da ke bakin ramin, na lamba 315, yakan sauya zuwa wani mafi girma, sai imatinib ya rasa hanyar shiga, cutar ta dawo. An yi ta ƙera sababbin magunguna masu kauce wa wannan cikas, har aka kai ga asciminib a 2021, wanda bai kula ramin ATP ba sam. Wani lungu yake shiga can gefe, wanda furotin ABL na asali ke amfani da shi wajen kashe kansa, ya tilasta wa enzayim ɗin naɗewa. Irin waɗannan lunguna na gefe ba kowane ɗan dangi ke da su ba, shi ya sa masu shigarsu suka fi iya zaɓe.

Labarin furotin KRAS ya ƙara nuna amfanin nemo abin da furotin ɗaya ya keɓanta da shi. Tun farkon shekarun 1980 aka san cewa lalacewarsa na cikin manyan musabbaban sankarar huhu da hanji da fankiriyas, amma jikinsa sumul yake, ba ramin kirki, kuma yana riƙe abin da yake sarrafawa da ƙarfin da ba a iya ƙwacewa. Shekara talatin ana cewa ba shi da magani. A 2013 ɗakin binciken Kevan Shokat a San Faransisko ya yi amfani da lalacewar kanta: a wani nau'inta, amino asid na lamba 12 yana komawa sistin, wanda ke da sulfa mai saurin ƙulla alaƙa. Sinadarin da ya liƙe wa wannan sistin ya buɗe wani lungu da ba a san da shi ba, kuma bai taɓa lafiyayyen KRAS ba domin shi ba shi da sistin a wurin. Sotorasib, magani na farko da ya bi wannan hanya, ya samu amincewa a 2021.

A ɗakin gwaji akwai wata dabara da likita ba shi da ita, wato a gyara furotin ɗin kansa ya dace da sinadarin. Shokat ɗin dai ne ya fito da ita a ƙarshen shekarun 1990. Ana cire babban amino asid da ke bakin ramin ATP na kinas ɗin da ake so, a sa ƙarami, sai a samu wani ɗan gurbi da sauran kinas ba su da shi. Sannan a haɗa sinadari mai ƙullutu wanda ba ya shiga kowane kinas sai mai gurbin. Da sinadari ɗaya ana iya binciken kinas ɗari, muddin an yi wa kowanne gyaran a nasa gwajin.

Duk waɗannan toshewa ce. Akwai wata hanya dabam wadda aka tsinta daga magungunan dashen gaɓoɓi. Cyclosporin, da FK506 da aka samo a Japan a 1984, suna danne garkuwar jiki don kada ta ƙi sabuwar ƙoda ko hanta. A 1991 ɗakin binciken Stuart Schreiber a Harvard ya nuna cewa ba su kaɗai suke aikin ba. Kowannensu yana fara kama wani ƙaramin furotin da ke da yawa a ƙwaya, sai su biyun su haɗu su manne wa enzayim mai suna calcineurin su hana shi aiki. Rapamycin, wanda aka samo daga bakteriyar ƙasar tsibirin Rapa Nui a tekun Fasifik, shi ma haka yake: yana kama furotin FKBP, su je tare su riƙe wani kinas, TOR, wanda Michael Hall ya gano a cikin yis a Basel a 1991, kuma wanda aka gane daga baya cewa shi ke tsara girman ƙwayar halitta gwargwadon abincin da ta samu. Sinadarin a nan aikin dillali yake yi, ya haɗa biyun da ba su da wata hulɗa a da, kuma cinikin ba ya faɗawa sai yana tsakani.

A 1993 Schreiber da Gerald Crabtree suka mayar da wannan kayan aiki. Suka ɗinke FK506 biyu wuri ɗaya, suka liƙa FKBP, wanda FK506 ke kamawa, a jikin furotin da suke so, sai ya zama duk lokacin da aka zuba sinadarin furotin biyu suna matsowa kusa da juna, saƙo ya tashi. Yawancin saƙonnin cikin ƙwaya da kusantar juna ake tayar da su, don haka dabarar ta ba da ikon kunna abu, ba kashewa kaɗai ba. Ta kai har gadon asibiti. A wani gwaji da aka wallafa a 2011 daga Houston, an bai wa yaran da aka yi wa dashen ɓargo ƙwayoyin garkuwa na mai bayarwa, bayan an sa musu wani enzayim na kashe kai wanda ba ya tashi sai an haɗa shi biyu-biyu. Da ƙwayoyin suka fara afka wa jikin wasu daga cikin yaran, allura ɗaya ta sinadarin ta kawar da sama da kashi 90 cikin ɗari nasu a cikin minti 30.

Mataki na gaba ya fito daga ɗaya daga cikin munanan masifun tarihin magani. Thalidomide ya shiga kasuwa a Jamus ta Yamma a 1957, mata masu ciki suka sha shi don laulayi, aka haifi jarirai kimanin 10,000 da nakasar hannuwa da ƙafafu kafin a janye shi a 1961. Daga baya aka ga yana taimakawa a wani rikicin kuturta da kuma sankarar ɓargo, ba tare da an san dalili ba. Sai a 2010 ɗakin binciken Hiroshi Handa a Tokyo ya gano cewa yana kama furotin mai suna cereblon. Ƙwayar halitta tana da tsarin kawar da furotin da ya tsufa ko ya lalace: wasu enzayim, kusan iri 600, suna liƙa masa alamar da ake kira yubikwitin, wani babban inji kuma ya daddatsa duk mai ɗauke da alamar. Gano wannan tsari ne ya sa Aaron Ciechanover da Avram Hershko da Irwin Rose suka samu kyautar Nobel a 2004. Cereblon yana cikin masu liƙa alamar. Idan thalidomide ko ƙanensa lenalidomide ya zauna a kansa, sai fuskarsa ta sauya ya riƙa kama furotin da ba nasa ba. A 2014 aka nuna cewa biyu daga cikinsu, Ikaros da Aiolos, su ne sankarar ɓargo ta dogara da su, a 2018 kuma aka danganta nakasar jarirai da rushewar wani mai suna SALL4.

Tun 2001 Craig Crews da Raymond Deshaies suka kawo shawarar ƙera irin wannan da gangan: sinadari mai kai biyu, ɗaya ya kama furotin da ake son kawarwa, ɗaya ya kama mai liƙa alama. Ana kiran su PROTAC, kuma na farkonsu ya shiga gwaji a jikin mutane a 2019. Fifikonsu a bayyane yake. Ba sai sun toshe ramin aiki ba, ko'ina suka samu wurin riƙo ya isa, kuma sinadari guda yana iya halaka furotin ya saki ya koma kan wani. Amma suna da girma, sukan wuce iyakar Lipinski nesa, ga kuma wani abin mamaki: idan aka zuba su da yawa aikinsu raguwa yake yi, domin kowane ɓangare yana samun nasa sinadarin, ba a haɗuwa.

Masu bincike sun samu nasu sauƙin ta hanyar liƙa wa furotin wata alamar rushewa. A 2006 Thomas Wandless na Stanford ya ƙera wani gurgun FKBP wanda ƙwaya ke rushewa tare da duk abin da aka liƙa masa, sai fa idan an zuba sinadarin Shield-1 da ke tallafe shi. A 2009 ƙungiyar Masato Kanemaki a Japan ta aro tsarin auxin, sinadarin girman tsirrai, inda zuba shi ke kawar da furotin sau da yawa cikin ƙasa da awa ɗaya. Wannan ya yi wa binciken zazzaɓin cizon sauro amfani sosai. Ƙwayar cutar, a zamanta cikin jini, kwafi ɗaya take da shi na kowace ƙwayar gado, don haka goge muhimmiyar ƙwayar gado yana kashe ta tun kafin a ga komai. An shigar da dabarar Shield-1 cikinta a 2007, kuma a 2010 aka nuna da ita cewa idan babu wani kinas mai suna PfCDPK5, ƙwayoyin cutar suna girma daidai amma su kasa fasa jar ƙwayar jini su fito. Irin wannan sani ne ke nuna wa masu neman sabon magani inda ya kamata su nufa.

Kama furotin daidai ba ya nufin majinyaci ya warke, kuma cutar sikila, wadda Najeriya ta fi kowace ƙasa yawan jariran da ake haifa da ita, ta ba da misali mai ɗaci. Amino asid guda ne ya sauya a himogulobin, wanda ke sa shi ƙulluwa kamar zare idan ya saki oksijin, jar ƙwayar jini ta lanƙwashe. An ƙera voxelotor don ya kama himogulobin ya riƙe shi a siffarsa ta ɗauke da oksijin, kuma ya yi hakan: jinin masu shansa ya ƙaru, aka amince da shi a Amurka a 2019. A watan Satumba na 2024 Pfizer ya janye shi daga duk duniya, bayan bayanan gwaji sun nuna ƙarin tashin ciwo da mace-mace a tsakanin masu shansa. Sinadarin ya cika aikinsa a kan furotin, jiki kuwa ya fi furotin ɗaya faɗi.

Matsalar da ta fi yaɗuwa ita ce sinadarin da ake yi wa shaidar da bai cancanta ba. Iniparib ya kai har babban gwaji a kan masu sankarar mama a matsayin mai toshe enzayim PARP, ya faɗi a 2011, sannan aka gano cewa ba ya toshe PARP yadda ake zato. Sinadarin CNO, wanda masu binciken ƙwaƙwalwa suka shekara goma suna ɗauka ba ya taɓa komai sai furotin da suka gyara, an nuna a 2017 cewa a jikin ɓera yana komawa clozapine, maganin taɓin hankali mai kama furotin da dama. A 2019 ƙungiyar Jason Sheltzer ta goge furotin da aka ce wasu magungunan sankara suna nufa, sai ga magungunan suna kashe ƙwayoyin sankarar kamar da, alamar cewa ta wata hanya suke kisan. Akwai kuma sinadaran da ke nuna kamar suna aiki a kusan kowane gwaji, saboda suna dunƙulewa ko suna da launi ko suna liƙe wa duk abin da suka samu. Curcumin na cikin kurkum yana cikin fitattunsu, abin da ya kamata a tuna duk lokacin da aka ji mai tallar magani yana cewa bincike ya tabbatar wani tsiro yana kashe sankara a ɗakin gwaji.

Saboda haka masana suka gindaya sharuɗɗa, aka kuma buɗe rumbun intanet na Chemical Probes Portal a 2015 don tantance sinadaran bincike. Ana so sinadari ya kama furotin ɗinsa da ɗan kaɗan, ya fifita shi a kan 'yan danginsa aƙalla ninki 30, a kuma tabbatar yana kama shi a cikin ƙwaya mai rai, ba a kwalba kaɗai ba. Ana so a gwada shi tare da wani ɗan'uwansa mai kama da shi wanda ba ya aiki, da kuma wani sinadari mai siffa dabam da ke nufar furotin ɗaya, sannan a ga ko sakamakon ya dace da na goge ƙwayar gado. Sama da duka akwai batun adadi, domin zaɓe ba hali ne na dindindin ba: sinadarin da ke ware furotin guda idan an zuba kaɗan zai kama goma idan an ninka shi ɗari, kuma rahotanni da yawa da aka wallafa sun faɗa wannan rami.

Duk da wannan ci gaba, furotin na ɗan'adam da magungunan da aka amince da su ke nufa 'yan ɗaruruwa ne, ba su kai dubu ba daga cikin kusan 20,000. Mafi yawan sauran ko dai ba su da ramin da za a shiga, ko kuma har yanzu ba a samu ingantaccen sinadarin da za a bincike su da shi ba.